Na Kira Su Cin Doya

Lamashegu, Tamale
20 ga Oktoba, 2024

Zuwa ga 'yata Farhana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki Abdul-Wadud da jikokina biyu. Allah Ya buɗa muku ƙofofin arziki a ƙasar mutane, Ya tsare ku daga sanyin da kika ce ya fara shigo muku. Mu nan sai godiya. Gwiwata ta hagu tana nan da halinta, da safe ta yi gardama, da rana ta haƙura. Goggonki Fusena ta zo daga Sagnarigu makon jiya, ta share mini ɗaki, ta yi mini faɗa a kan shan shayi mai sukari, ta koma. Ruwan sama ya ɗauke, an tone gyaɗa, doya kuma ta cika kasuwa har ana tuntuɓe da ita.

Sau uku ke nan kina mini maganar in rufe gidan nan in zo Italiya in zauna da ku, sau uku ina ba ki amsa ɗaya: ni ina da mutane a Tamale, mai mutane kuwa ba ya barin garinsu da furfura. A waya in kin tambaye ni sai in ce lafiya lau, don ba na son ki ji muryata ta canza. Shi ya sa na ɗauki biro. Wani abu ya faru ranar Alhamis da nake so ki sani kafin ki sake tambayata.

Kin tuna cin doyar da muke yi duk kaka. Tun muna jigilar doya zuwa Kumasi a manyan motoci, ni da Wumpini da Zuberu da Mudasiru, mun saba idan ruwa ya ɗauke, doya ta zubar da ruwanta ta yi daɗin daka, sai mu taru a gidan nan mu ci sakwarar mahaifiyarki da miyar gyaɗa da zabi. Shekara talatin da ɗaya ba mu taɓa fashi ba. Ba wani abu ake yi ba illa ci da ƙarya da zagin juna. Wumpini bai taɓa kirana da sunana ba, sai dai Tsohuwa, wai haka nake tuƙi, in na ga gangara tun daga nesa nake karanta Ayatul Kursiyyu. Ni kuma in tuna masa ranar da ya kwantar da lodin doya a rami kusa da Kintampo, mutanen ƙauye suka yi mako suna yi masa addu'a. Mahaifiyarki tana bakin murhu tana cewa Allah Ya shirye mu, tana dariya a ɓoye.

Tun da Allah Ya karɓi abinsa, mahaifiyarki ta rasu, Farhana, babu wanda ya sake zagina. Kada ki yi dariya, da gaske nake. Suna zuwa gaisuwa, ba su yar da ni ba, amma zuwan minti goma ne, murya ƙasa-ƙasa, kowa yana tambayar ya haƙuri. In na shigo inda suke hira sai hirar ta mutu, a gyara zama, a ba ni kujera mai kyau. Na gaji da kujera mai kyau. Don haka da na ga doyar bana na ce wallahi sai na yi taron nan, ko da ba ta nan, in dawo da abokaina yadda na san su, in kuma samu bakin gaya miki cewa ga mutanen da nake faɗa.

A nan na gane ban san komai ba game da taron da nake taƙama da shi. Ban san yadda ake gayyatar su ba, don ban taɓa gayyatar kowa ba. Ashe ita ce take gaya wa matansu a kasuwa, mazan kawai su bayyana. Ni da na rasa dabara sai na sayi goro, na sa farar rigata don ita ce kaɗai a goge, na hau yalo-yalo, keken hayar nan mai ƙafa uku, na bi su gida-gida. Kowanne na miƙa masa goro na ce ranar Alhamis bayan la'asar akwai ɗan abinci a gidana. Kowanne ya karɓa da hannu biyu ya ce in sha Allahu. Na lura Mudasiru ya sunkuyar da kai yana lissafi da yatsu, na ɗauka ranakun mako yake ƙirgawa. Bencinan da muke zama a kai ma na duba ko'ina ban gan su ba, sai daga baya na ji ashe aro take yi duk shekara daga wani gida da ban ma sani ba. Na ce ba komai, na shimfiɗa tabarmi a tsakar gida.

Girki kuwa Azeta na roƙa, maƙwabciyarmu mai sayar da masa a bakin titi. Na sayo doya manya guda takwas, na zaɓe su da kaina, don ko ban iya daka ba na iya sanin doya. Na yanka zabi huɗu. Ta zo da ƙanwarta tun azahar, suka yi ta daka, ƙarar turmin nan ta cika gidan, na zauna a ɗaki ina ji kamar an mayar da ni shekarun baya. Da suka gama sai ga Azeta da babban faranti cike da masa, an rufe da farin ƙyalle. Ta ce wannan nata ne, gudummawarta, Allah Ya kai ladan inda aka nufa. Na yi godiya na ajiye a tsakiyar tabarma. Ni da na ci masar sadakar mutuwa fiye da sau ɗari a garin nan, ko kaɗan ban kawo komai a raina ba. Hankalina yana kan abin da zan ce wa Wumpini in ya shigo, har na tanadi zagi biyu sababbi.

Ana idar da la'asar suka iso, su ukun a tare, abin da ba su taɓa yi ba, don kullum Zuberu sai an cinye rabi yake zuwa. Duk sun sa fararen kaya. A bayansu ga limamin unguwarsu Zuberu da carbi a hannu. Sai a lokacin na dubi tsakar gidana da idon baƙo: tabarmi a ƙasa, masa a tsakiya, mai gida cikin farar riga, an raba goro, ranar Alhamis, kuma saura kwana tara mahaifiyarki ta cika shekara. Ko ni aka kira wurin nan, da na san sadaka na zo.

Kafin in buɗe baki liman ya zauna ya ɗaga hannu. Ki gaya mini, da wane baki zan ce masa ya dakata, ba don a yi wa matata addu'a na tara su ba? Na ɗaga hannu ni ma. Ya kira sunanta, Zuhuratu, ya roƙa mata haske a kabari, ya ambaci alherinta ga maƙwabta da baƙi. Ban shirya jin sunan a bakin wani ba ranar nan, sai kawai hawaye suka zubo mini, a gaban mutanen da na tara don mu yi dariya. Wannan kuwa ya ƙara tabbatar musu ba su yi kuskure ba.

Bayan an shafa na yi ƙarfin hali. Na buɗe kular sakwara, na ce a kawo ruwan wanke hannu, na dubi Wumpini na ce ya ci a hankali, kada ya kifar da kwanon kamar yadda ya kifar da lodi a Kintampo. Babu wanda ya ko murmusa. Liman ya dubi ƙasa. Zuberu ya dafa kafaɗata ya ce baƙin ciki haka yake, yana sa mutum ya faɗi abin da bai yi niyya ba. Sannan Wumpini, mutumin da muka kwana a ƙarƙashin mota ɗaya cikin ruwan sama, ya riƙe hannuna da hannu biyu ya ce da karyayyiyar Hausarsa: "Alhaji, ka yi haƙuri. Matanka shi mutum kirki ne. Mu duka mun rasa." Alhaji ya ce mini, Farhana. Da ya mare ni da ya fi mini sauƙi.

Ba su ci ba. Kin san abincin sadaka ba a zama a miƙe ƙafa a kansa a gaban mai makoki. Azeta ta kawo leda, ta ƙulla wa kowa masarsa da malmalar sakwara da yankin zabo, suka karɓa, suka yi mini sallama ɗaya bayan ɗaya. Na ce su ɗan zauna mana, rana ba ta faɗi ba. Mudasiru ya ce a'a, gara su bar ni in huta, yau rana ce mai nauyi a gare ni. Tun daga shigowarsu har fitarsu bai kai rabin awa ba. Na raka su ƙofa, ina tsaye na ji sun kai kwanar titi, Zuberu ya faɗi wani abu, su ukun suka fashe da dariya, irin dariyar da na yanka zabi huɗu don in ji a gidana. Na dawo na zauna a kan tabarma ni kaɗai na ci abin da zan iya. Sakwarar ta yi kyau, ba ta da gudaji ko ɗaya. Sauran na ce Azeta ta raba wa maƙwabta.

Washegari bayan Juma'a na ce ba zan bar maganar haka ba. Na tafi Jisonayili gidan Wumpini da niyyar in faɗa masa gaskiya tsirararta, cewa cin doya na kira su, ba makoki ba, kuma in bai kira ni Tsohuwa ba ba zan tashi daga gidansa ba. Na same shi a ƙofar gida. Yana ganina ya miƙe ya ba ni kujerarsa. Ban gama gaisuwa ba ya ce dama yana son ganina. Wai sun yi shawara su ukun a hanya, sun ga abin da na yi ya yi kyau ƙwarai, kuma sun ji kunya da ba su ne suka fara tunaninsa ba. Saboda haka daga yanzu duk shekara, ranar da muka saba cin doya, za su zo da liman a yi wa Zuhuratu addu'a, kuma kada in ƙara wahalar da kaina da sakwara, masa kaɗai ta isa, su za su kawo. Yana faɗa idonsa yana kawo ruwa, don har zuciyarsa yake nufi.

Na dube shi. Wa zai ƙi a yi wa matarsa addu'a duk shekara? Na ce na gode, Allah Ya saka da alheri. Ya raka ni har titi, ya tare mini yalo-yalo, ya ce wa direban ya bi da ni a hankali.

Ba na jin haushinsu, kada ki riƙe su a rai. Mutanen kirki ne, suna ƙaunata, kuma sun ƙaunaci mahaifiyarki. Amma na gane a wurinsu na riga na zama mijin marigayiya, kuma haka zan zauna har a ɗauke ni. Kaɗaicin ɗaki na iya da shi, na saba. Wanda ya fi ƙarfina shi ne in zauna a tsakiyar abokaina ana lallaɓa ni kamar ƙwai.

Don haka ki ce wa Abdul-Wadud ya bincika takardun da ake bukata, ya faɗa mini abin da zan fara yi daga nan. Ban ce gobe ba, sai an yi cikar shekarar mahaifiyarki, na kuma san wanda zan bar wa gidan. Kada ki gaya wa goggonki Fusena tukuna, ni zan je Sagnarigu in faɗa mata da bakina.

Ki gaishe mini da Abdul-Wadud da kyau. Ki shafa mini kan Abdulfatawu da Suhuyini, ki ce kakansu ya ce su riƙe Hausarsu don ba zai iya hira da su da yaren can ba. Azeta tana gaishe ki, Wumpini ma ya ce in gaishe ki in na yi waya. Abu ɗaya zan roƙe ki kafin in zo. Ki sa mijinki ya duba mini a masallacinsu ko akwai wani tsoho mai baki, marar ta-ido, ko daga wace ƙasa yake. In ya samu, kada ya gaya masa an yi mini rasuwa.

Allah Ya yi miki albarka, Ya sada mu da alheri.

Ni ne mahaifinki,
Gariba