Muryar Yaya a Bakin Uwani

Bompai, Kano.

Zuwa ga ƙanwata Uwani a Challawa. Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da Malam Tijjani da yara.

Bayan haka, jiya an nuna majigin kamfanin man gyaɗa a filin bayan sito. Malam, maigidana, ya yarda na je, na zauna can baya cikin mata. Na ga farkonsa, inda kike zaune kina tsintar gyaɗa kina waƙa. Ba suka nake yi ba, abin da idona ya gani nake faɗa.

Zanen saƙin marigayiya Inna da na ara miki ya fito da kyau, amma wace mai tsinta ce take zuwa aiki da saƙi da awarwaro? Mu da muke yin aikin, tsumma muke ɗaurawa. Sannan sun haska ki da faifan gwangwani har goshinki na ƙyalli, inuwarki ta faɗi gabas da yamma lokaci guda, alhali rana ɗaya Allah Ya halitta.

Sai muryar. Kin san ranar da aka yi majigin na ƙi a ɗauki fuskata saboda aurena, na tsaya bayan zana na rera a bakin na'ura, ke kina motsa leɓe. A baiti na biyu ma kin rufe baki, waƙar tana tafiya. Ba wanda ya lura. Asabe mai ƙosai ta dafa ni ta ce, "Ashe haka ƙanwarki take da zaƙin murya? Ke ba ki gado ba?" Na ce mata Allah Ya ƙara.

Ki gaida gida. Yayarki, Zulaihatu.

Challawa.

Yaya, gaisuwa da girmamawa. Na karanta takardarki na yi dariya har Malam ya leƙo. Inuwa biyu! Ke kaɗai ce a duk Kano kika je majigi kallon inuwa.

Ni ban taɓa ce wa kowa muryata ce ba. Ban dai ce ba tawa ba ce. Ke kika zaɓi bayan zana, Yaya, ba ni na tura ki ba.

To ga abin da ya hana ni sukuni. Masu majigin za su dawo Laraba su ɗauki na biyu. Wannan karon sabon mai na'ura ne, bai san zancen zana ba, ya ce a gabansa zan rera, ga manyan kamfani zaune. Na ce to. Kin san muryata, ko yaro ba na iya rarrashi da ita. Don darajar Inna ki zo ki koya mini, ko ki sake tsayawa a baya. Kada in ji kunya a gaban garin mijina.

Taki, Uwani.

Bompai.

Uwani, na ga saƙonki, Allah Ya saka.

Na binciki zuciyata, na tarar hassada ce a ciki. Na yi istigfari, na ƙara, ba ta fita ba. Ba zan yi miki ƙaryar ciwo ko ta rashin izini ba: lafiyata ƙalau, Malam ma ya ce in je. Ni ce ba zan zo ba.

Ki buɗe baki ki rera da wadda Allah Ya ba ki. Ranar da za a nuna, a sahun gaba zan zauna.

Yayarki, Zulaihatu.