Fuskar Inna

Litinin, 2 ga Satumba, 2024
Nusaiba ɗiyata ta sake tambayata yadda kakarta take. Ni Haliru mai hoto, wanda ya ɗauki amaren rabin Yelwan Yauri, ba ni da hoton uwar da ta haife ni. Kullum na ɗaga kyamara sai Inna ta rufe fuska da gyale: "Kai, tahi can, ina warin kifi za ka ɗauke ni? Bari sai Sallah." Kafin Sallar kwale-kwalensu ya kife a hanyar Wara. Ko gawa ba mu samu ba.

Juma'a, 6 ga Satumba
Billen nan nata, a kumatun dama yake ko na hagu? Wallahi na manta. Na manta!

Asabar, 14 ga Satumba
Na koma bakin ruwa, inda jirage ke lodi. Mutane na zaton taɓin hankali gare ni, ina bin tsofaffin da ban sani ba ina roƙo su tsaya in ɗauke su kyauta. Wata mai busasshen kifi ta ce, "Ɗan nan, gwamnati ta aiko ka?" Na ce a'a, Inna. Goshinta nake so, irin na Inna ne sak. Haka nake yi tun bara: goshi wurin wannan, wushirya wurin waccan, ko Allah zai sa in harhaɗa. Wadda ba ta ɗauko komai nata ba, in na dawo shago sai in goge.

Laraba, 25 ga Satumba
Na jera hotunan tsofaffin a kan tebur, Nusaiba ta duba ta ce, "Baba, wace ce a ciki?" Babu. Aikin banza nake yi, kuma na sani.

Alhamis, 3 ga Oktoba
Wani saurayi ya zo shago, Sufyanu, masunci daga wajen Shanga. Ya cire takalmi a ƙofa kamar ya zo masallaci. Innarshi ta rasu makon jiya, zazzaɓi. Kafin ta kwanta ta yi ta ba su labari tana dariya, wai wani mai hoto a Yauri ya tsayar da ita da tsufanta, har ta gyara ɗankwali. Kulu sunanta. Gajeruwa, baƙa, zane shuɗi, tana ɗauke da ƙwaryar gero. Hoton nata ya zo nema.

Na tuna ta sarai. Dariya ta hana ta tsayawa, sai da na ɗauka sau da yawa. Ba ta yi kama da Inna ko kaɗan ba.

Na ce mishi ya dawo gobe in duba. Duba me?

Juma'a, 4 ga Oktoba
Ya dawo. Na faɗa mishi gaskiya, na goge. Da ya zage ni da ya fi mani sauƙi. Cewa ya yi, "Ba komai, Malam, Allah bai nufa ba." Sai ya tsaya yana kallon hotunan kan tebur, ɗaya bayan ɗaya, a hankali. Na san abin da yake nema, na san ba zai samu ba. Har godiya ya yi mani da zai fita.

Lahadi, 13 ga Oktoba
Makon jiya na kai katin kyamarar wurin mai gyaran waya a kasuwa. Ya ce wasu hotuna sun riga sun hau kai, ba ya dawowa. Ban fita ba tun ranar. Abinci ma turawa kawai nake yi.

Litinin, 21 ga Oktoba
Na leƙa bakin ruwa, don dai in miƙe ƙafa. Kyamarar bin hannuna ta yi. Na ɗauki wani tsoho mai gyaran komar kamun kifi, da mata biyu masu albasa, da wata Asma'u da ke jiran jirgin Wara da goyo. Na tambayi kowa sunanshi da garinsu. Ba wanda ya yi kama da Inna, ban ma duba ba sai yanzu da nake rubutu.

Ban goge ko ɗaya ba. Akwai wuri a katin, shi ke nan.