Sharar da Muka Tsince Sau Biyu

Goggo, don Allah ki taimake ni da shawara. Yau kwana goma sha biyu ina juya magana ɗaya a raina na kasa sauke ta, ga shi kafin ƙarshen wata ana so in sa hannu a kan wata takarda da ko kallonta ba na son yi.

Ni sabon malami ne. Bara na gama jami'a, kimiyyar muhalli na karanta, watana bakwai da fara koyarwa a wata makarantar firamare. Har yanzu ina cikin shekarar gwaji, wato sai shugabar makaranta ta rubuta cewa na cancanta kafin a tabbatar da ni. Yayana ne ya yi ta zirga-zirga har aikin ya samu, kuma ba ya bari in manta da haka.

Ranar da na fara zuwa, abin da ya fara yi mini maraba shi ne leda. Ledar ruwa, takardar alewa, robar lemo, murfin biro, duk sun cika filin wasa, magudanar da ke gaban ajujuwa kuwa ta toshe har ta yi kore. Na nemi izini na kafa ƙungiyar kula da muhalli. Yara talatin da huɗu suka shiga, 'yan aji huɗu zuwa shida. Muna fita Talata da Alhamis bayan an tashi, minti arba'in. Da farko sauran yara 'yan bola suke kiran su, har biyu suka yi kuka. Na zaunar da su, na kai su bakin magudana bayan an ɗauke ruwan sama suka ga da idonsu abin da leda take yi, na nuna musu tsutsotsin sauro a cikin gwangwani. A hankali abin ya shige su. Ya kai har 'yan aji ɗaya suna cusa takardar biskit a aljihu su kawo mana da alfahari kamar sun tsinci zinariya.

Ni mutum ne mai rubuta komai, har abokaina suna yi mini tsiya a kan haka. Na aro sikelin rataye a wurin mahaifiyata. Kowane buhu muka cika sai na auna shi, na rubuta masa lamba da kwanan wata, na shigar a littafi. Kwalba da ƙarfe mai kaifi ba sa shiga buhu, akwai garwa mai murfi da na ware musu, ni kaɗai nake taɓa ta. Buhunan suna zama a bayan sito, ƙarƙashin rumfar kwano, har motar kwasar shara ta zo a ƙarshen wata.

Sai ga takarda daga wata ƙungiya, wai za su zo ranar Alhamis su ga yara suna aiki, su ɗauki hoto, makarantun da aka zaɓa za a ba su kwandunan shara da baro da safar hannu. Yara suka yi ta tsalle. Ranar Talata muka yi aikin da ba mu taɓa yi ba, har bayan katanga da cikin magudana. Buhu shida, daga lamba hamsin da takwas zuwa sittin da uku, kilo arba'in da ɗaya da rabi. Ranar Laraba shugaba ta zagaya filin tare da ni. Ina jiran ta ce sannu, sai na ga ta ɓata fuska, ta tambaye ni to me baƙin za su ɗauka a hoto tunda babu ko tsinke a ƙasa. Na zaci wasa take yi. Na yi dariya, Goggo, har da ƙyaƙyatawa.

Ranar Alhamis ƙarfe bakwai da minti goma na shiga makaranta na tarar da filin kamar ba a taɓa share shi ba. Na ruga bayan sito. Buhunanmu shida a ninke, an ɗora musu dutse, rubutun hannuna yana kallona. Garwar kwalabe ce kawai ba a taɓa ba. Dattijon da ke share ajujuwa, wanda kowa ke kira Baba Mai Tsintsiya, yana tsaye a gefe, ya ƙi haɗa ido da ni. Abin da ya iya cewa kawai shi ne umarni aka ba shi. Mutumin da ya shekara ashirin yana share wannan makaranta, shi aka sa ya watsa shara da hannunsa.

Zan so in ce miki na tafi ofis na yi magana. Ban je ba. Baƙi suka iso goma da minti ashirin da biyar, shugaba ta yi jawabi a kan yadda muke fama da ƙazanta, ni kuma na raba safar hannu, na jera yara, na tsaya inda aka ce in tsaya. Akwai wata yarinya 'yar aji biyar da ake kira Lauya saboda yawan tambaya. Ta zo wurina riƙe da wani jan silifa ƙafar hagu da aka ɗaure da waya. Ita ce ta zaƙulo shi daga magudana ranar Talata, har muka yi ta dariyarsa. Ta rage murya ta tambaye ni ko ba shi ne wanda ta sa a buhu shekaranjiya ba. Mai kyamara tana taku biyu daga gare mu, shugaba kuma ta zuba mini ido. Sai na ji bakina ya ce, "Iska ce ta kawo shi."

Babu iska a ranar. Ko ganyen bishiya bai motsa ba. Kuma ban taɓa jin iskar da ke kwance bakin buhu ta ninke shi ba. Yarinyar ta dube ni, ta ce to Malam, ta jefa silifan a buhu ta koma layi. Tun daga ranar ba ta sake yi mini tambaya ba, ko a cikin aji.

Talatar da ta biyo baya yara goma sha tara suka zo, Alhamis goma sha ɗaya. Yanzu yaro zai yar da leda a gabana, in na yi magana ya ce ai ta baƙi ce, yana tara musu. Baba kuwa sun canza masa suna zuwa Mai Shuka, suna bin sa suna tambaya yaushe shukarsa za ta tsiro. Aikin wata bakwai, an rushe shi kafin a kaɗa ƙararrawar shiga aji, don hoto!

Abin bai tsaya nan ba. Ƙungiyar da ta kawo ziyarar ta aiko da fom, tana son a rubuta nauyin abin da aka tsince ranar ziyara da jimillar duka, shugaban ƙungiyar yara ya sa hannu, wato ni. Jimillarmu ta gaskiya kilo ɗari huɗu da sha biyu ce. Shugaba tana so in ƙara da na ranar Alhamis, kilo talatin da takwas, wanda shara ɗaya ce aka auna sau biyu, har uku da rabi suka ɓace a hanya. Da ta ga ina ja da baya, ta ce kowa haka yake yi, kwandunan ba gidanta za ta kai ba, ko ina so makarantar da ke bayanmu ta cinye don kawai su sharar tasu ta gaske ce? Na fito cike da haushi.

Yayana ya ce in sa hannu in daina iyayi, ban fi kowa karatu ba. Mahaifiyata ta ce kada in yi faɗa da mai riƙe da takardar tabbatar da ni. Ni kuwa na rubuta wa ƙungiyar wasiƙa shafi uku, da hoton buhunan da lambobinsu, tana nan a jakata ban aika ba. In aika? In sa hannu? Ko in ajiye ƙungiyar yaran gaba ɗaya? Ba don a ga yara suna sunkuyo na kafa ta ba.

Naki,
Malamin da Ya Ɗora wa Iska Laifi

*

Ɗana, haushinka yana kan hanya, ba zan rage maka shi ba. Abin da aka yi bai dace ba. An koya wa yara cikin safiya ɗaya cewa aiki abin nunawa ne, ba abin yi ba, kuma sun ɗauki darasin da sauri, kamar yadda yara suka saba.

Amma bari in ce wani abu game da shugabarka. Ba ɓarauniya ba ce. Ina kyautata zaton ta daɗe tana neman waɗannan kwanduna ba ta samu ba, ta kuma ga yadda masu ziyara suke gaskata abin da kyamara ta ɗauka fiye da abin da aka gaya musu. Ta dubi fili fes ta ga babu abin nunawa. Kai kuma kana riƙe da abin nunawar a jakarka, littafin wata bakwai, amma ranar Laraba da ta faɗi damuwarta sai ka yi dariya. Da ka buɗe mata littafin a lokacin, watakila da ba mu kai nan ba. Wannan ba ya wanke ta, sai dai yana nuna maka ƙofar da za ka bi.

Kada ka aika wasiƙar nan yanzu. In ta isa, duk aikin yaran na gaskiya za a yi shakkarsa, kuma wanda za a fara sallama shi ne wanda ya fi kowa rauni, dattijon nan. Kada kuma ka sa hannu a kan lissafin da ka san ƙarya ne. Wanda ya yi sau ɗaya, shi za a riƙa miƙa wa biro kowace shekara.

Ka nemi shugaba a ofis, ku biyu kawai, ba a gaban malamai ba. Ka gaishe ta yadda ya kamata, ka ajiye littafin a gabanta, ka ce kana son makaranta ta ci fiye da kowa. Ka kawo fom ɗin a cike da jimillar gaskiya, ka haɗa da kwafin shafukan littafin, sannan layi ɗaya da ke cewa ranar ziyara gwaji aka nuna da sharar da yara suka riga suka tara. Masu karanta irin waɗannan takardu sun gaji da hotuna iri ɗaya. Ba kowace rana suke ganin makarantar da ta auna aikinta mako-mako ba. In ta amince, an gama. In ta ƙi, ka ce cikin ladabi hannunka ba zai hau ɗaya lissafin ba, ka ajiye kwafin naka, ka yi shiru. Ba zan ce maka babu haɗari ga takardar tabbatarwarka ba, akwai. Yayanka da mahaifiyarka ba tsoron banza suke ji ba. Sai dai a sanina, shugabanni sun fi ƙullatar wanda ya kunyata su a fili, ba wanda ya zo musu da mafita a ɓoye ba.

Yanzu ga abin da ya fi duk wannan, kuma shi za ka fara yi. Ka rubuta shafi uku a kan laifin shugaba, amma ba ita ta amsa wa yarinyar nan ba. Ba don an watsa shara yaran suka gudu ba, sun ga manya suna abin da ya fi haka. Sun gudu ne don mutumin da suka yarda da shi ya dube su ya faɗi abin da shi da su suka san ba haka yake ba. Wannan naka ne, kuma babu wasiƙar da za ta gyara shi.

Ka tara su duka talatin da huɗu, har waɗanda suka daina zuwa. Ka ce musu ba iska ba ce, ka sani tun da safe, tsoro ne ya kama ka, ka yi kuskure. Kada ka zagi shugaba a gabansu, kada ka yi dogon jawabi. Yarinyar kuwa ka ba ta haƙuri ita kaɗai tukuna, ka gaya mata tambayarta daidai ce. Malami ba ya raguwa don ya ce ya yi kuskure.

Sannan ka kashe wannan suna da suka laƙa wa Baba. Ka rubuto mini cewa garwar kwalabe ce kawai ba a taɓa ba, ka wuce kamar ba komai. Mutumin da aka tilasta, bai iya cewa a'a ba, amma ya tuna cewa hannun yara ne zai shiga cikin sharar. Ka gaya wa yaran haka. Kai ma ka je ka gaishe shi, don ya yi abin da ya fi naka a ranar.

Kada ka ajiye ƙungiyar. Ba zan yi maka alkawarin duk za su dawo ba, wasu sai sun daɗe suna kallonka daga nesa kafin su sake yarda. Ka fita ranar Talata ko da mutum uku ne, ka fara sunkuyawa kafin kowa. Allah Ya ba ka ƙarfin zuciya, Ya sa shugabarka ta saurare ka, Ya tabbatar maka da aikinka cikin mutunci.

Goggonku