Pampon da Ake Kira da Sunana

Saratu, matata,

Gaisuwa mai yawa. Na san ba mai kai miki wannan takarda, ba kuma za ki karanta ta ba. Amma ba ni da wanda zan faɗa wa in ba ke ba.

Anguwan Rukuba tana nan, sai cunkoso da ya ƙaru. Ƙafafuna sun kumbura, coci ma sai an riƙe ni. Ɗanmu Dauda yana bugo waya daga Legas ran Lahadi, ya tambayi magani, ya kashe. Jikarmu Rifkatu ce take zaune da ni, ta shiga jami'a.

Ita ce ta tayar mini da hankali, ba da saninta ba. Tana shirin jarrabawar tarihi, ta karanta mini yadda matan Amurka suke a farkon kafa ƙasarsu. Wai mace in ta yi aure, doka ba ta san ta ba sai ta hannun mijinta. Ba ta zaɓe, abin da ta mallaka ma yana hannunsa. Na fara dariya ina cewa ashe Turawa ma sun yi duhun kai. Sai na tuna da ke, na daina dariyar.

Kin tuna shekarar da ruwan kududdufin da masu haƙar kuza suka bari ya yi ta kwantar da yaran unguwa? Ke kika bi gida-gida kika tara matan zumunta na coci. Ke kika zauna kina ɓare gyaɗa kina faɗa mini abin da za a rubuta wa hukuma don a kawo mana pampo, ni kuwa ina juya shi da Turancin da na koya a aikin akawu. Da muka zo ƙarshe kika miƙo babban yatsanki a shafa masa tawada. Na ce miki ba za su duba takardar mace ba, tunda ko ƙuri'a mata ba sa jefawa a Arewa lokacin. Na sa sunana.

Wataƙila gaskiya na faɗa. Amma bayan an kawo pampo fa? Wa ya hana ni buɗe baki? Aka riƙa cewa pampon Malam Bulus, har aka ba ni kansila saboda shi. Kika dafa wa masu taya ni murna tuwo, ba ki ce uffan ba. Shirun nan haƙuri ne, Saratu, ko fushi? Shekaru muna ɗaki ɗaya ban taɓa tambayarki ba, don ina tsoron amsar.

Yanzu matasan unguwa sun gyara pampon. Ran Asabar za su kafa allo da sunana, an riga an rubuta. Da na ce wa Dauda ina so in faɗi gaskiya, sai ya ce in bar kaza cikin gashinta, kada in kunyata gida da tsufana. Cikin matan da kika tara, Mama Ladi kaɗai ta rage, ita ma ba ta gane mutane. In na yi shiru, ba mai ƙaryata ni har abada. Abin da yake ba ni tsoro ke nan.

Jiya na faɗa wa Rifkatu komai. Na roƙe ta ta kai ni wurin ran Asabar in faɗa wa jama'a aikinki ne, in muryata ta ƙi fita ta ƙarasa mini. Ba ta amsa ba tukuna. Ko ta ƙi, zan ja sandata in je.

Ki huta lafiya. In mun gamu, kada ki yi mini shiru kuma.

Mijinki,
Bulus