Manjagarar Ranar Asabar

Talata, 2 ga Afrilu
An auna ƙasar lambuna. Guba ce, wai, daga tokar masana'antar tutiya da marigayi mijina Fons ya riƙa kwasowa a baro yana shimfiɗa mana hanya. Kyauta ake ba ma'aikata, kowa a yankinmu na Kempen ya ɗiba. In kaka ta yi katafila za ta zo ta kwashe komai, har tuffar da ya dasa shekarar aurenmu. Na ji tsoro ƙwarai.

Alhamis, 11 ga Afrilu
Annelies, wata malamar jami'a, ta kawo 'yan itatuwa irin na Kirsimeti, saiwarsu duk farin zare kamar funfuna. Wai zaren yana kama gubar ya riƙe, itacen kuma ya ciyar da shi. In sun rayu, hukuma za ta dakata da katafila.
"Amma Inna Godelieve, kada ki taɓa ƙasar. Ganye ya faɗi, ki bar shi."
Na ce to. Ƙazanta ke nan ta zama magani.

Lahadi, 5 ga Mayu
Na yi gyangyaɗi a kujerar lambu bayan coci. Na ga zaren nan yana tafiya a ƙarƙashina, gida gida, har maƙabarta. Fons yana riƙe da bakin zaren, yana ja a hankali kamar mai kamun kifi.

Asabar, 18 ga Mayu
Maƙwabcina Staf ya leƙo ta shinge. "Godelieve, mutuwa kika yi ba a sanar ba? Asabar guda, tsakar gida ba layin manjagara!"
A nan ko mai jinya yakan ja yashin ƙofarsa layi-layi kafin Lahadi. Kunya ta ci ni. Na ja, har gindin itatuwan, sama-sama dai. Ya yi kyau.

Litinin, 3 ga Yuni
Rabin itatuwan sun yi ja, sun bushe. Annelies ta durƙusa ta ɗago zaren a tsintsinke. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi.

Asabar, 20 ga Yuli
Hannuna sai ƙaiƙayin jan manjagara yake. Na soya dankali, na zauna ina kallon ganye yana ruɓa.

Laraba, 25 ga Satumba
An yi ruwa. Gindin waɗanda suka rage, ga naman kaza, ruwan ƙasa, mai santsi, alamar zaren na nan da rai. Ba na ci ba ne, an gargaɗe ni. Na gaishe su duk da haka.

Asabar, 12 ga Oktoba
Katafila sai baɗi, in ma za ta zo. Tuffa tana nan, ko da ba mai cin 'ya'yanta.
Gizo-gizo ya yi saƙa a haƙoran manjagara. Staf ya tambaya, na ce bayana ne ke ciwo.
Bayana lafiyarsa ƙalau. Fons ne ba na so in tsinke masa zare.