Baba Buba ya ce ni zan yanke ko ya zauna ko ya tafi

Salama alaikum mutanen gida. Admin don girman Allah ka ɓoye sunana, yayata tana cikin gurup ɗin nan, kuma ita in ta ji magana da safe kafin azahar an ji ta a Gwaram. Jama'a don Allah ku ba ni shawara, ta gaske nake so, duk da na san sai kun yi mini dariya tukuna.

Ni ɗan Birnin Kudu ne, Kirista, ina ajin ƙarshe a sakandare. Babanmu tela ne a bakin kasuwa, kuma dattijo ne a cocinmu. Ƙungiyarmu ta matasa tana da aikin da take yi duk Lahadi bayan sujada, mata su dafa shinkafa da wake, mu maza mu ɗauki kuloli mu zaga tasha da rumfunan kasuwa wurin waɗanda ba su da wurin kwana. Ba wa'azi muke musu ba, Fasto ya ce mu gaishe su, mu ba su, mu dawo. A nan muka san Baba Buba, wani tsoho Bafulatani daga wata ruga ta wajen Maruta. Matarsa ya kawo asibiti, jinya ta cinye 'yan shanun da suka rage masa, ta rasu, ruwan sama kuma ya rushe masa ɗaki a can, sai kawai bai koma ba. A rumfar masu kayan miya yake kwana in sun tashi.

To ga inda na jawo wa kaina. A wani taro shugabarmu ta ce abinci kaɗai bai isa ba tunda damina ta matso, me za mu yi? Ni kuma bakina ba ya iya zama wuri ɗaya in akwai 'yan mata a benci, sai na miƙe na ce ni ko ɗakina ne zan bayar, Yesu ma bai da wurin sa kansa. Aka yi ta tafi har da masu guɗa. Ashe Babanmu yana tsaye a bakin taga yana ji. Da yamma na dawo daga ƙwallo na tarar da Baba Buba a kan katifata, sandarsa a jingine, butarsa a gefe. Babanmu ya ce, "Ga baƙonka nan, tunda kai ka yi gayya," ya juya abinsa.

Shagon nan na ƙofar gida da nake kwana sai da na yi shekaru ina jiran yayana ya tafi makaranta kafin na gaje shi. Yanzu ni ne ɗan haya a ciki. Minsharin Baba Buba wallahi injin markaɗe ya fi shi tausayi, akuyar maƙwabta ma ta canja wurin kwana. Fostocin 'yan ƙwallona duk ya sa na cire, wai ba zai yi sallah yana fuskantar ƙattai da gajeren wando ba. Katifa ta koma gefe saboda alƙibla. Da asuba sai in ji sanda a ƙafata, "Tashi, sallah." In ce Baba ni fa Kirista ne, sai ya ce, "To tashi ka yi taka, ko naku Allahn sai rana ta fito yake buɗe ofis?" In na buɗe littafi zan yi karatu sai ya fara ba ni tarihin shanunsa ɗaya bayan ɗaya, da uwarta da kakarta da ranar da ta tunkuyi wani ɗan haraji. Yau in aka kawo shanunsa Goje da Wule a jarabawa zan cinye, amma kemistiri sai dai addu'a.

Mama kuwa ta samu sabon ɗa. Kaza ba mai yankawa sai shi don ya samu ya ci, kuma cinya tasa ce, ni da nake ɗan gida na koma wuya da ƙafa. Ga wani miki a ƙafarsa da ni aka ɗora wa wankewa da ruwan ɗumi da gishiri kafin in tafi makaranta, ina wankewa yana ce mini hannuna kamar na mai fasa dutse. Ba ya kirana da sunana, sai dai "mai ɗaki". Ba zan yi masa ƙarya ba, in an ba shi cinyar yakan ɓoye mini rabi a murfin kwano, kuma ranar da muka yi gwaji ya riƙe kaina ya yi ta karanta addu'a har na makara.

Ni dai haushi ya ishe ni, sai na riƙa ba da labarinsa a teburin mai shayi, ina ƙara gishiri don a yi dariya. Rannan na ce yadda tsohon nan ya saba da gidanmu, kafin Kirsimeti shi zai riƙe ganga a ƙungiyar mawaƙa. Wasa nake yi, kowa ya yi dariya. Amma maganar ta tashi daga teburin ta shiga unguwa, ta dawo a matsayin wai Kiristoci sun ɗauke tsoho sun ajiye za su juya shi, yaron gidan ma da bakinsa ya faɗa.

Shekaranjiya liman na unguwarmu da mai unguwa suka zo gida. Ba faɗa suka zo yi ba, Malam Liman abokin Babanmu ne, shi yake masa ɗinki tun ban san kaina ba. Liman ya yi godiya sosai, ya ce kunya ce ta kawo su, ɗan'uwansu Musulmi yana kwana a rumfa suna wucewa sai da maƙwabta suka ɗauke shi, yanzu kuma surutu ya yi yawa, gara a kashe shi tun bai zama wani abu ba. Sun gyara wani ɗaki a jikin masallaci, suna so ya koma can. Babanmu ya ce shi bai ɗaure kowa ba, a tambayi mai jikin. Aka kira Baba Buba, ya zauna ya sunkuyar da kai, ya ce shi ba ruwansa, wanda ya sauke shi shi zai sallame shi, a tambayi mai ɗaki. Jama'a duk manyan nan suka juyo suna kallona, ni da na shigo kawo musu ruwa! Liman ya yi murmushi ya ce to Alhaji mai ɗaki, za su dawo bayan Juma'a su ji hukunci.

Tun daga nan kowa ya zama lauya a kaina. Mama ta ce in na kori tsohon nan in nemi wata uwar. Yayata ta ce in sallame shi tun kafin a daina gaishe mu a layi, don har wasu sun fara zuwa shagon ɗinkin Babanmu suna karɓar yadinsu ba a ɗinka ba. Babanmu bai ce mini komai a kai ba sai "bakin da ya fara shi zai ƙarasa". Na je wurin Fasto ya ce in yi addu'a, na ce na yi, ya ce in ƙara. Abin da ya fi ba ni haushi, na leƙa ɗakin masallacin ina fata in tarar yana yoyo don in samu hujja, sai na ga sabon kwano, siminti, har da taga. Ya fi nawa kyau nesa ba kusa ba. Na ce shi ke nan, kowa ya huta, ni ma in samu ɗakina in yi karatu.

Sai jiya ina wanke masa ƙafa na ce Baba ai ɗakin can yana da kyau. Sai ya ce in na sallame shi zai yi mini godiya har ya mutu, amma ba can za shi ba, rumfarsa zai koma. Ya ce ba ya riƙe kowa a zuciya, mutanen kirki ne, amma ya daɗe a rumfar nan suna ganinsa, kuma yanzun ma ba shi suka gani ba, surutun mutane suka ji. Shi ba buhun gero ba ne da za a ɗauke daga wannan rumbu a kai wancan don a rufe bakin unguwa. Ya ce ba zai iya faɗa wa liman haka a ido ba, cin fuska ne, kuma ya roƙe ni kada in faɗa wa kowa, har Babanmu.

To ku duba inda nake. In na ce ya tafi, kowa zai ɗauka na kai shi ɗaki mai kyau, ni kaɗai na san rumfa na mayar da shi da miki a ƙafa ga ruwa ya fara sauka. In na ce ya zauna, za a ce ai ga shi an tabbatar, kuma shagon Babanmu ne zai sha wahalar, ba zan iya ba da dalili ba tunda an ba ni amana. In kuma na je na faɗa wa Malam Liman gaskiya, na karya alkawari, ban san ko tsohon zai sake kallona ba. 'Yan'uwa Musulmi da ke nan, ku kuka san yadda ake shiga wa liman da irin wannan magana ba a ɓata masa rai ba, don Allah ku koya mini. Masu zuwa su ce "wa ya aike ka", na riga na ji wannan a gida, ku kawo wani abin.

Yau na dawo daga makaranta na tarar ya ninke bargona, ya share ɗakin, ya ɗaure 'yan kayansa a ƙulli ya ajiye a bakin ƙofa. Ya ce, "Mai ɗaki, in kwance ko in bar shi haka?" Na ce masa bari in sha ruwa in dawo. Ga ni nan a bayan gida ina rubuta muku wannan, shi kuma yana zaune yana jirana. Me zan je in ce masa?