Gajeren Iri a Filin Lugbe

Lugbe, 3 ga Nuwamba

Mama Serah,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya gida, ya sanyin Bukuru? Ni ce Saudatu, 'yar maƙwabcinki Malam Ilyasu.

Jikin Baba da sauƙi, hannun da ya shanye ma ya fara motsi. Amma tun da na kawo shi Abuja ya kasa zama. Ina ofis za a kira ni a ce ga shi can bakin titi yana tambayar motar Jos. Shekaranjiya ya ga wani fili a bayan gidanmu, ya ce, "Nan zan shuka fis." Na ce, "Baba, waken turawa ba ya son zafin Abuja." Ya ce, "Ke kika taɓa nomansa?"

Mai filin ya yarda, sai dai tsakiyar Janairu zai fara gini. Don Allah ki aiko min da irin da zai nuna kafin nan. Ina ganin shi kaɗai zai zaunar da shi.

'Yarki,
Saudatu

Bukuru, 7 ga Nuwamba

Saudatu 'yata,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Na ba direba ƙullin iri biyu. Na farin ƙyalle gajere ne, wata biyu ya isa tsinka. Na shuɗin ƙyalle dogo ne, ya fi 'ya'ya, amma sai ya kusa wata uku. Na haɗa da shi ne kawai don na san Babanki zai tambaya. Shekara talatin muna gardama da shi, wai gajere irin ragwaye ne. Kada ki bar shi ya shuka dogon.

Ki jiƙa irin ya kwana. Ki zaɓi inda inuwa take sauka bayan azahar, ruwa safe da yamma, taki kaɗan.

Akwai wata magana. Wanki Rilwanu ya sayar da gonar Babanku, har an kewaye ta da waya. Ki san yadda za ki gaya masa.

Mamanki,
Serah

Lugbe, 20 ga Disamba

Mama,

Ina gaisuwa. Ki gafarce ni, na kasa hana shi. Kunya takwas ya yi, duk dogo. Ni kuma na faki idonsa na shuka gajeren irin, layi biyu, a jikin katanga. Da ya gani ya ce, "Wannan aikin Serah ne," amma bai tuge ba, har yana ba shi ruwa.

Nawa ya yi fure fari tas. Nasa sai hawa sanda yake, ganye kawai. Jiya aka sauke bulo da yashi a gefen filin, ya tsaya yana kallo har suka gama.

Maganar gona na kasa. Sau uku ina zama gabansa, sai ya fara cewa in ya samu iri zai kai gida ya shuka da damina. Na kira Yaya Rilwanu, ba ya ɗauka. Mama, in na faɗa masa ciwon ya dawo fa? In na yi shiru kuma ya ji a bakin wani? Ko a ofis na kasa natsuwa.

Saudatu

Lugbe, 18 ga Janairu

Serah,

Assalamu alaikum. Ki yi haƙuri da rubutun, hannun bai gama dawowa ba.

Magina sun shiga ranar Litinin. Dogon ya fara fure ke nan suka tuge shi. Gajeren naki ya ba mu kwano ɗaya da rabi. Saudatu ta dafa da shinkafa, na ci, ya yi zaƙi. Kin yi gaskiya, amma kada ki saba jin haka daga bakina.

Zancen gona na sani. Direban da ya kawo irin ya gaya min tun ranar. Na shuka dogon ne don in ga ko ƙasar nan za ta jira ni. Yarinyar nan wata biyu tana ramewa saboda ɓoye min. Ki rubuto ki ce mata na sani. Ni in na kalle ta sai bakina ya ƙi buɗuwa.

A gaida mutanen gida.

Maƙwabcinki,
Ilyasu